Amsar Wasiƙunku: Na'urar Jin Hayaƙi da Kiran Waya

Wani ɗan kasuwa daga Dawanau ya aiko mana da tambaya. Ya ce ya sa na'urar jin hayaƙi a sitonsa na hatsi, amma gidansa da nisa, in ta yi kuka da dare babu mai ji. Ɗansa, mai sha'awar haɗe-haɗen lantarki, ya ce zai buɗe ta ya jona mata waya. Shin ya bar shi?

To Alhaji, tambayarka tana kan hanya. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ai cikin dare ta tashi.

Ana iya haɗawa, amma kada yaro ya farke cikinta. Wasu irinta akwai ɗan sinadari mai tururin nukiliya a ciki. Kuma in ya taɓa inda bai dace ba, sai ta yi shiru ranar da ake bukatarta, kai kuwa kana barci da kwanciyar hankali. Ka nemi wadda kamfani ya yi wa mahaɗar waje tun asali. Nan zai jona ɗan akwati mai layin waya, da ta ji hayaƙi sai ya kira lambarka. A ƙara jiniya bisa rufi don maigadi. Akwatin ya zama da batirinsa, saboda ɗauke wuta.

Ƙurar hatsi da ta hunturu kan sa ta kukan ƙarya, don haka a riƙa kaɗe ta. A danna maɓallin gwaji kowane wata, a ga ko wayar ta buga. In ta shekara 10, a sake sabuwa.