Kayan Kakanninmu Ba na Bola Ba Ne

Hajiya shugaba, iyayenmu, 'yan'uwana 'yan ƙungiya, da iyalanmu da suka zo taya mu murna, barkanmu da ganin wannan rana. Kun dai san ni, kayan miya nake sayarwa a kasuwa. Shekarata uku a ajin yaƙi da jahilci, kuma takardar nan da hannuna na rubuta ta. In na yi tuntuɓe a yi mini haƙuri.

Kwanan baya malamarmu ta kai mu Gidan Makama, nan kusa da fadar Sarkin Kano. Wallahi sau nawa nake wuce gidan a adaidaita-sahu, ban taɓa leƙawa ba. Ashe Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya taɓa zama a cikinsa, kuma a zamaninsa aka kafa kasuwar Kurmi. Yanzu gidan ya zama wurin ajiye kayan tarihi. Mun ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da kayan kiɗa, da hotunan zamanin Turawa, waɗanda suka ci Kano a 1903. Duk abin da aka faɗa ina rubutawa a littafina.

Amma inda jikina ya yi sanyi shi ne ɗakin amarya na da. Ina ganin jeren sai na tuna da Inna, Allah Ya jiƙanta. Bayan rasuwarta aka ba ni tasoshinta na tagulla, da akushi, da wani ƙunshi mai wuri da anini a ciki. Wata rana jari ya karye, na kira 'yan gwangwan, suka auna tasoshin a sikeli kamar tsohon ƙarfe. Kuɗin ko kwana uku bai yi ba. Tasoshin da aka kai Inna gidan miji da su ke nan.

Ƙunshin ne ya rage. Da na nuna wa autata aninin, sai ta ce, "Umma, wannan maɓalli ne?" Ba laifinta ba ne. Tun 1973 aka koma naira da kwabo, aka bar fam da sule. In ba mu faɗa musu ba, wa zai faɗa musu?

To, ga roƙona. Mu ware kabad ɗaya a ofishin ƙungiya. Kowace mace ta kawo abu guda: ƙwarya mai zane, faifai, mazari, ludayin duma, tsohon mudu, ko zanen saƙi. A rubuta sunan abin, da amfaninsa, da wadda ta yi aiki da shi. A sa shi a rajista yadda muke rubuta adashi, kayan kowa nata ne, ba kyauta ta bayar ba. Mu 'yan aji mun ɗauki nauyin rubutun. Kuma in matsi ya zo, a fara zuwa asusun rancen ƙungiya kafin a kira mai sikeli.

Iyayenmu da ke zaune a gaba, ku ne kuka san sunayen kayan nan. Za mu zo har gida da biro da littafi, don Allah ku ba mu lokaci.

Ga ƙunshin Inna, da shi za a buɗe rajistar. Allah Ya ƙara haɗa kanmu, Ya maimaita mana.