Wasan da ake fara koyonsa da faɗuwa

Shugaban taro, iyayenmu malamai waɗanda Allah Ya ja da ransu har suka ga furfurarmu, 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai, barkanmu da sake saduwa.

Kwamiti ya nemi in ce wani abu game da aikido, wato wasan kare kai na mutanen Japan wanda na koya sa'ad da karatu ya kai ni Ingila. Ina hangen wasunku suna murmushi, domin sun san ni mutumin Zurgu ne, kuma a wajenmu in an ce wasan maza, to kokawa ce da dambe bayan an kai amfanin gona gida.

Wanda ya kafa aikido shi ne Morihei Ueshiba, an haife shi a 1883, ya rasu a 1969. Ya yi aikin soja, ya kuma koyi wata tsohuwar dabarar murɗe gaɓoɓi wajen Sokaku Takeda, wanda suka haɗu da shi a 1915. Daga baya ya rage mata kaifi, ya mai da ita hanyar kau da mai kawo hari ba tare da an nakasa shi ba. Sunan aikido ya tabbata a 1942, babbar makarantarsa kuma tana birnin Tokyo har yau. A yawancin makarantun babu gasa, babu kofi, babu alƙalin wasa.

Makarantar da na shiga zauren unguwa ne da ake haya dare biyu a mako. Mu ke shimfiɗa katifu, mu ke naɗe su. Da direban bas, da malamar asibiti, da wani dattijo da ya girme mu duka, kowa da farar rigarsa. Makonnin farko ba a nuna mini yadda ake ka da mutum ba, faɗuwa aka yi ta koya mini.

A nan muka sha bamban da su. A kokawarmu, da zarar bayanka ya taɓa ƙasa, sai guɗa ta tashi wa abokin karawarka. A dambe ma in ka kai ƙasa cewa ake yi an kashe ka. A aikido kuwa mutum biyu ke aiki tare, ɗaya ya kawo hari a ka da shi sau huɗu, sannan su juya. Ke nan rabin darasi kai ne a ƙasa, kuma babu mai yi maka dariya. Ana koya maka ka kai haɓa ƙirji don kada ƙeya ta bugu, ka lanƙwasa hannu kamar bakin ƙwarya, ka mirgina daga kafaɗa zuwa kwankwason ɗaya ɓarin. Abin da aka hana shi ne tokare ƙasa da hannu a miƙe, domin a nan wuyan hannu yake karyewa. Ku tambayi masu ɗori na Rano da Kibiya irin karayar da ake kawo musu daga faɗuwar babur.

Ita kuwa dabarar kayarwa, wanda ya taɓa kiwo ya santa. In sa ya taso maka, ba ka tare shi da ƙirji, gocewa kake yi ya wuce da ƙarfinsa. To haka nan ne: ka goce daga hanyar naushi, ka juya, ka kama hannun ka bi da shi inda dama ya nufa, sai nauyinsa ya kai shi ƙasa.

Na san malaminmu na addini zai tambaye ni batun sunkuyawa. Gaskiya ne, suna sunkuya wa juna, har da hoton Ueshiba da ke jikin bango. Ranar farko na gaya wa mai koyarwa cewa ni Musulmi ne, ba na kai goshi ƙasa sai a salla. Ya ce in ɗora hannu a ƙirji, ya wadatar. Haka na yi har na bar ƙasar.

Kada kuma wani ya fita nan yana cewa na kawo maganin 'yan daba. Wanda ya zaro maka wuƙa, ƙafa ita ce garkuwarka. Ni abin da na ga ya dace da yaranmu shi ne faɗuwar nan, don kusan kowannensu yana hawan babur ko keke.

Saboda haka roƙona ga ƙungiya guda ɗaya ne. A sayo wa makarantarmu katifun wasa ko da goma ne, a nemi ɗaya daga masu koyar da judo a Kano, tun da faɗuwarsu da ta aikido ɗanjuma ne da ɗanjummai, ya riƙa zuwa ran Asabar yana koya wa 'yan aji ɗaya. Kuɗin motarsa na zangon farko ni zan biya. Mai son sa hannu a kuɗin katifa ya ga ma'aji kafin a raba abinci.