LACCA: Lanho, Wa Ke Karɓa, Wa Ke Aiki?



Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. To a Nijar hannuwa da yawa ke karɓar ladan, amma in lokacin aski ya zo sai kowa ya nuna ɗan uwansa. Shi ya sa ya wajaba talaka ya san inda kuɗinsa ke shiga, da wanda zai tuhuma in aiki ya kwanta.

Batun raba mulki ya taso ne a babban taron ƙasa na 1991, yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995 ta ƙara jaddada shi. Zaɓen ƙananan hukumomi na Fabrairu 1999 ya watse cikin rikici. Sai a Yuli 2004 aka zaɓi majalisun komin 265. A 2011 jihohi ma suka samu nasu majalisu, alhali gwamna da perefe suka ci gaba da wakiltar gwamnatin tsakiya.

Ga yadda rabon ya kasance. Gwamnatin tsakiya ta riƙe manyan ƙofofin kuɗi: duwan, da harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari, da abin da ake cirewa a albashin ma'aikaci. Da su take biyan soja da malamai da likitoci, ta shimfiɗa manyan hanyoyi. Komin kuwa aka bar mata tikitin kasuwa, da na tasha, da na kasuwar bisashe, da lanhon kai, wanda a karkara ya daɗe a kan dala 140, wato sefa 700, masu gari na tattarawa a ba su ladansu. Patanti kuma ma'aikatar haraji ta ƙasa ke karɓa, sannan a maida ma komin kasonta, sau da yawa bayan dogon jira.

Sai a dubi kayan da aka aza ma komin: kwasar shara, gyaran magudanan ruwa, tsarin kasuwa, takardun haihuwa da na aure. A 2016 aka fitar da dokokin miƙa ma ƙananan hukumomi da jihohi wasu ayyuka na ilimi, da kiwon lafiya, da ruwan sha, da muhalli. Aiki ya sauko ƙasa da sauri, kuɗi suna tafiyar hawainiya. An kafa hukumar ANFICT a 2008 domin ta cike giɓin, dokar ma'adinai ta 2006 kuma ta ware ma kominonin yankin da ake haƙa kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shiga, amma magadan gari sun sha kukan bashin da baitulmali ya tara masu.

Sakamakon haka a bayyane yake. Ɗan kasuwar Maraɗi ya biya duwan a kan kayansa, ya biya patanti, ya biya tikitin rumfa, amma in damina ta cika gaban shagonsa da ruwa, ofishin magajin gari ya ce babu kuɗi, Yamai ta ce aikin komin ne. Manomin da bai ga rijiya ba kuwa sai ya ja ƙafa wajen biyan lanho, asusun komin ya ƙara bushewa, aiki ya ƙara tsayawa.

A Afrilu 2024 mahukuntan soja suka rushe zaɓaɓɓun majalisu, suka naɗa wakilai a madadinsu. Ko wane ne ke bisa kujera, haƙƙin mai biya bai sake ba. Duk aikin da aka miƙa a miƙa shi tare da kuɗinsa. Kason komin ya iso a kan lokaci. Kasafin kuɗi a lika shi a ƙofar ofis, kowa ya karanta. Ɗan kasuwa kada ya biya ko dala ba tare da rasit ba, ma'aikaci kuma kada ya karɓa ba tare da ya rubuta ba.

Allah ya ba mu shugabanni masu riƙon amana.