"Babu Netwok": Tambayoyi Biyar Kafin A Sallami Jama'a



Muna godiya ga ƙungiyar ɗalibai da ta ba mu wannan dama. Abin da muka zo da shi yau ƙarami ne a ido, amma ba mu tsammanin akwai wanda bai taɓa ɗanɗana ɗacinsa ba a zauren nan. Akwai wata magana mai kalma biyu da ta zama ruwan dare a ofisoshinmu, watau "babu netwok". Da ita ake sallamar ɗalibin da ya zo rajista ranar ƙarshe, da ita kuma ake mai da tsohon da ya biya kuɗin mota tun daga ƙauye domin a tantance takardunsa na fansho. Wani lokaci maganar gaskiya ce. Wani lokaci kuwa mai faɗinta bai bincika ba, ya dai ga shafi ya ƙi buɗewa, sai ya naɗe hannu. Mu da kanmu mun taɓa yini a wani ofis ana ba mu haƙuri, sai da la'asar aka tarar ashe wayar bayan kwamfutar ce ta zare wajen shara.

Saƙon da ya bar kwamfutarmu matafiyi ne. Zai fita daga ɗaki, ya ratsa na'urar rarraba layi, wadda aka fi sani da rauta, ya shiga hannun kamfanin sadarwa, sa'an nan ya bi zango zango har inda aka aike shi. In tafiya ta tsaya, lalle a wani wuri ta tsaya, aikinmu kuwa shi ne mu gano wurin, mu faro daga kusa mu nufi nesa. Kayan binciken suna nan cikin kowace kwamfuta, ba a saye. A Windows, a danna maɓallin Windows tare da harafin R, a buga cmd, sai wani baƙin allo ya bayyana yana jiran umarni. A Linux da Mac sunan allon Terminal.

Tambaya ta farko: shin kwamfutarmu tana da adireshi? Bayan mun duba waya da 'yan fitilun rauta, sai mu buga ipconfig, ko ip addr in Linux ce. Za mu ga wata lamba mai kashi huɗu. A yawancin ofisoshi takan fara da 192.168 ko da 10. Idan muka ga ta fara da 169.254, to, kwamfutar ta roƙi rauta lamba ba ta samu ba, shi ne ta laƙa wa kanta wadda ba ta fita ko'ina. Nan sai a buga ipconfig /release, a bi shi da ipconfig /renew, domin ta sake roƙo. Haka kuma mu rubuta lambar da ke gaban Default Gateway, domin ita ce adireshin rautar, ƙofar da duk saƙonmu ke fita ta cikinta.

Tambaya ta biyu: shin ƙofar tana amsawa? Nan ne ping yake shigowa. Wani Ba'amurke mai suna Mike Muuss ne ya rubuta shi a watan Disamba na 1983, a wani ɗakin bincike na sojojin Amurka, ya kuma raɗa masa suna daga ƙarar na'urar da jiragen ruwa ke lalube da ita a ƙarƙashin teku. Aikinsa sallama ce kawai: ya aika ɗan ƙaramin saƙo, ya jira amsa, ya ƙidaya lokacin da ta ɗauka. Sai mu buga ping, mu bar fili, mu sa lambar ƙofar, misali ping 192.168.1.1. Windows takan yi sallama sau 4 ta tsaya, Linux kuwa ba ta dainawa sai an danna Ctrl da C. Idan ba a amsa ba, cutar tana cikin gida: waya, ko raunin Wi-Fi, ko rautar kanta. Kiran kamfani a wannan hali ɓata lokaci ne.

Tambaya ta uku: shin akwai hanya bayan ƙofa? Mu buga ping 8.8.8.8, wata kwamfutar kamfanin Google da ake gwaji da ita saboda sauƙin haddace lambarta. In ƙofa ta amsa amma wannan ta yi shiru, to, matsalar ta bar ɗakinmu: ko kuɗin layi ya ƙare, ko layin kamfani ya yanke. In kuwa ta amsa, kada mu yi gaggawar rufe allon. Mu dubi lokacin, wanda ake aunawa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Rautar da ke ɗakinmu takan amsa cikin kashi 1 ko 2, amma layin da ke bi ta tauraron ɗan'adam mai nisan kusan kilomita 36,000 yakan haura 500, kuma wannan ba cuta ba ce, nisa ne. Mu dubi kuma saƙo nawa ya ɓace. Layin da ke zubar da ɗaya cikin huɗu yana da rai, amma zai wahalar da mai aiki da shi.

Tambaya ta huɗu, wadda aka fi mantawa: shin ana fassara sunaye? Kwamfuta lamba ta sani, mu kuwa suna muke bugawa. Tsarin da ke mai da suna lamba shi ake kira DNS, wanda Paul Mockapetris ya tsara a 1983. Idan 8.8.8.8 ta amsa amma shafi ya ƙi buɗewa, mu buga nslookup google.com. In bai kawo lamba ba, mu sake bugawa, mu ƙara 8.8.8.8 a ƙarshen layin, watau mun kai tambayar ga wani mai fassara dabam. In wannan ya amsa, mun kama mai laifi: hanya lafiya lau take, mai fassararmu ne ya gaza. Wani lokaci ma tsohuwar amsa ce kwamfuta ta riƙe, ipconfig /flushdns kuwa yana share ta.

Tambaya ta biyar: a wane zango tafiyar ta tsaya? A Windows umarnin shi ne tracert, a Linux da Mac traceroute, sai a sa suna ko lamba a gabansa. Van Jacobson ne ya rubuta shi a ƙarshen shekarun 1980, dabararsa kuma abar sha'awa ce. Kowane saƙo yana ɗauke da adadin zangon da aka yarje masa, kowace rauta ta rage ɗaya, wadda ya ƙare a hannunta sai ta jefar da shi ta aiko da sanarwa. Sai ya aika saƙo mai izinin zango 1, na farko ya bayyana kansa, ya aika mai 2, na biyu ya bayyana, haka har zuwa 30. Da haka hanyar duka take fitowa a jere. Wani lokaci abin da za ta nuna ya fi ƙarfin kowa a ofis. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, watau WACS da ACE da MainOne da SAT-3, sun lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta raunana a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu, gyara kuma ya ɗauki makonni. A rana irin wannan, mai cewa babu netwok ya faɗi gaskiya.

Sai dai akwai gargaɗi biyu. Na ɗaya, shiru ba mutuwa ba ne. Akwai kwamfutocin da katangar tsaronsu ta hana su amsa ping, akwai kuma zangon da taurari kawai zai nuna alhali yana wuce da saƙo. In zangon da ke gaba da shi ya amsa, ba shi da laifi. Na biyu, tambaya dabam, gyara dabam. Kada mu sauya saitin kwamfutar ofis ko na rauta ba da izinin mai kula da su ba.

'Yan'uwa, duk wannan bincike bai fi na minti biyar ba, amma yana canja irin rahoton da muke kaiwa. Injiniyan da aka ce wa "ba ya yi" lalube zai fara. Wanda aka ce wa "rauta tana amsawa, 8.8.8.8 ba ta amsawa, tafiya tana tsayawa a zango na 3" an rage masa rabin aiki. Mutanen da ke kan benci su ma suna da haƙƙin a gaya musu ko su jira rabin sa'a ko su dawo jibi, domin kuɗin motarsu da yininsu amana ne a hannun mai kujera.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka muna roƙon kowa, yau ɗin nan da layi yake lafiya, ya buɗe baƙin allon, ya buga umarnin nan ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta lambar ƙofarsa da lokacin da ta saba amsawa. Wanda ya san kamannin lafiya shi ke gane cuta in ta zo.

 Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu riƙe amanar jama'a.