Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Shirya Fim, Yelwan Yauri

Malamai, iyayen yara, da ku 'ya'yana da ake yayewa yau, barkanmu da wannan rana.

An ce in yi muku nasiha, ni kuwa fim zan ba ku ku kalla: The Godfather kashi na biyu, wanda Francis Ford Coppola ya fitar a 1974. Labarin 'yan daba ne, amma ba harbe-harben nake so ku duba ba.

Jarumin fim ɗin, Michael, ya gano wansa Fredo ya ci amanarsa, ya yanke hulɗa da shi, ya kuma umarci yaransa kada a taɓa shi muddin mahaifiyarsu na raye. Ranar da ta rasu, 'yar'uwarsu ta roƙi sulhu. Michael ya je ya rungume Fredo, Fredo ya ƙanƙame shi. Sai Michael ya ɗago ido ya dubi yaronsa Neri. Ba wanda ya ce uffan, amma mai kallo ya san an gama da Fredo. Daga baya aka fita da shi kamun kifi a Tafkin Tahoe, ƙanen na tsaye bayan taga. Ku da kuka tashi bakin Kainji kun san yadda kwale-kwale ɗaya tal yake a tsakiyar ruwa. Ba sai na faɗa muku ba.

A yawancin finafinanmu, idan wa da ƙane suka ɓata, sai a yi ta cacar baki har mai kallo ya gaji. Haka gaba take a gidajenmu? Ina! Bayan rabon gado, katanga ake ja a tsakar gida. Kwanon tuwon da yake tsallakawa kullum ya daina. A haɗu a maƙabarta, wannan ya tsaya gabas, wancan yamma. Addini ya hana ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku, amma akwai masu shekara goma a haka, daga Ngaski har Shanga.

Wannan nake so kyamararku ta ɗauko. Ku bar ta a kan kwanon, ku hana ɗan wasa magana, ku yarda mai kallo yana da hankali.

Allah ya yi wa sana'arku albarka. Shugaban taro, a fara kiran sunaye.