Lambun Bokiti Mai Ban-ruwa da Kansa: Hanyar Ceto Tukunyar Miya a Arewacin Zamfara



A watan Yunin 2024, ƙungiyar likitocin nan ta MSF tare da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Zamfara sun auna yara fiye da 97,000 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi. Kashi 27 cikin ɗari aka samu suna fama da tamowa, kashi 5 kuma tasu ta yi tsanani. Wannan ya faru ne a yankin da albarkar nomansa ta sa Turawa suka shimfiɗo layin dogo daga Zariya har Ƙaura Namoda a 1929 domin kwasar gyaɗa da auduga.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Manomi yana ganin gonarsa, amma shigarta sai ya biya 'yan bindiga, wani lokacin ma ya biya kuma a sace shi. Fadamun kogin Gagare da na Bunsuru, inda ake noman rani tun kaka da kakanni, da yawansu sun zama wuraren da ake zuwa da fargaba. A Satumbar 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako, har da babbar kasuwar Shinkafi, kowa ya ga yadda kayan miya ke ɓacewa da zarar hanya ta toshe. Idan cefane ya gagara, ganye ne ke fara fita daga tukunya, alhali daga alayyafo da rama da zogale jikin yaro ke samun sinadaran ƙarin jini da na lafiyar ido waɗanda tuwo kaɗai ba ya bayarwa.

Shuka a tsakar gida ba baƙon abu ba ne ga matan Zamfara. Abin da ke kashe musu gwiwa shi ne ruwa. Damina wata huɗu ce, sauran shekara kuwa rani, kuma daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Matar da take sayen jarka a hannun ɗan ga-ruwa ba za ta juri kwarara shi a ƙasa safe da yamma ba, tana kallo rana ta shanye wani, yashi ya zuƙe wani. Ga kuma awaki da kaji suna jiran tsiro ya leƙo.

Lambun bokiti ya zo ne domin waɗannan matsaloli biyu. Aikinsa irin na fitilar ƙwai ne: mai yana ƙasa, lagwani yana jansa sama gwargwadon buƙatar wuta. A nan ruwa ne a ƙasa, saiwa kuma tana shan abin da ya hau mata.

Ga yadda ake haɗa shi. A samu bokitin fenti guda biyu masu lita 20, a wanke su tas. A gindin na farko a yanka rami daidai bakin kofin roba, a kewaye shi da ƙananan huji. A huhhuda kofin, a danna ƙasa a ciki, a zura shi cikin ramin ya zama lagwani. Sai a saka wannan bokiti cikin na biyu. Sararin da ya rage tsakaninsu shi ne ma'ajiyar ruwa. A jikin bokitin waje, daidai ƙarƙashin gindin na ciki, a yi huji ɗaya domin rarar ruwa ta fita, iska kuma ta shiga. Wannan huji shi ne ran aikin, domin idan babu shi saiwa za ta ruɓe da damina. Daga nan a soka guntun bututu daga sama har ma'ajiyar, ta nan ake zuba ruwa. Ƙasar shukar kada ta zama laka zalla: a haɗa ƙasa mai kyau da takin da ya ruɓe sosai da ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa, kada zurfinta ya wuce santimita 30, domin ruwa ba ya hawa da kyau fiye da haka.

Bokitin kuma yana buƙatar rufi iri biyu. Na farko a kan ƙasar: busasshiyar ciyawa, ko ɓawon gyaɗa, ko farar leda da aka yanka mata ƙofar tsiro. Shi ke hana danshi tashi da ciyawa fitowa. Baƙar leda ba ta dace da bazarar Zamfara ba, dafa saiwa take yi. Na biyu a saman shukar: raga a kan sanduna ko lanƙwasasshen ƙarfe, ta tare dabbobi da tsuntsu da ƙwari, ta kuma rage kaifin rana. Wanda ya tuna yadda tsutsar nan da manoma suka raɗa wa suna Sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016 ya san darajar wannan raga.

Dabarar ta daɗe a duniya. Wani littafin noma na ƙasar Sin mai shekara kusan 2,000 ya bayyana yadda ake binne tukunyar ƙasa cike da ruwa a shuka a gefenta, ruwan yana tsatsafowa a hankali. Maginan tukwanenmu za su iya yin wannan yau, kuma Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya riga ya nuna abin da yumɓu zai iya lokacin da tukunyarsa ta sanyaya kayan lambu ta ci lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A jihar Florida ta Amurka, manomin tumatir Blake Whisenant, bayan ruwan sama ya lalata masa amfani a 1992, ya ƙera akwati mai ma'ajiyar ruwa da rufin leda, wanda ake sayarwa da sunan EarthBox. A unguwar Kibera ta Nairobi kuma, mata sun ciyar da iyalansu da ganyen da suka shuka a buhuna bayan rikicin zaɓen 2007.

Mai farawa ya fara da alayyafo, domin cikin mako uku zuwa huɗu ake soma tsinka. Lalo da yakuwa da salak duk suna yi. Tumatir ko attaruhu ko kuɓewa, tushe ɗaya ya ishi bokiti ɗaya. A jera bokitai a riƙa shuka su a tsakanin mako biyu-biyu, gida ba zai rasa ganye ba.

Akwai abubuwan kiyayewa. A ɗaure bakin bututu da ƙyalle kada sauro ya yi ƙwai. Gidan sauro mai magani na kwanan yara ne, kada a mayar da shi rufin lambu. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba ta shuka ba ce. Haka nan kada a ɗebo ƙasa daga inda ake niƙa ko wanke dutsen zinari. Gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010 ta ƙasa da ƙura ta shiga gidaje. Lokaci-lokaci kuma a kwarara ruwa ta sama ya wanke gishirin da ke taruwa.

Bokiti ba zai noma gero ko dawa ba, kuma ba zai sauke wa gwamnati nauyin tsare gonaki da hanyoyi ba. Abin da zai iya shi ne mayar da ganye cikin miyar yaro yayin da ake jiran zaman lafiya. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, tana da malamai da ɗaliban da za su gwada bokiti da jarka da tukunya, su auna ruwan da kowanne ke sha, su fitar da bayani da Hausa da ajami. Ƙananan hukumomin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi su ajiye lambun gwaji a kowace cibiyar shan magani, ta yadda uwar da ta kawo yaro awo za ta koma gida da iri da sanin yadda ake haɗawa, musamman iyalan da suka yi gudun hijira. Makarantun Islamiyya na matan aure su sa shi cikin darussansu. Kowane magidanci kuma ya nemi bokiti biyu da kofi ɗaya, ya haɗa wa iyalinsa kafin bazara ta shigo.

Allah Ya dawo da zaman lafiya a Zamfara.