Natsuwa: Haƙƙin da Muke Tauye wa Juna



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne natsuwa, wato mutum ya kasance hankalinsa yana inda jikinsa yake. Hausawa sun ce hankali ke gani, ido gululu ne. Ni kuwa a ganina natsuwa haƙƙi ce da wanda ke gabanka yake binka.

Mu ɗauki gaisuwa alal misali. A Kafin Dafga, cikin ƙasar Karaye, idan yaro ya je gaida mahaifinsa da safe, sai ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. A tambayi kwana, da gajiya, da iyali, da damina, ɗaya bayan ɗaya. Baƙo yakan ga ɓata lokaci ne. Alhali kuwa a cikin wannan jinkiri ne ɗa yake jin muryar tsoho ta raunana, ya gane akwai ciwon da ba a faɗa ba. To, tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, sai ga shi muna gaida iyayenmu baki yana cewa lafiya lau, ido yana kan waya. Kalmomin suna nan, amma mai gaisuwar ba ya nan.

Wannan ba baƙon ilmi ba ne a wurinmu. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani cikin Ihya'u Ulumid Din cewa halartowar zuciya ita ce ruhin salla. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya ba da labari cikin Infaƙul Maisuri cewa mahaifinsa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, idan zai fita wa'azi yakan ɗan dakata tukuna, ya sabunta niyyarsa, sa'an nan ya fuskanci jama'a. Haka nan Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki wadda aka buga a 1974, ya lissafa hankali da ladabi cikin siffofi 10 da Bahaushe ke auna mutum da su. Ina ladabi ga wanda ba ya sauraro?

Saboda haka ina ba ku shawara uku. Ta farko, ku yi koyi da Shehu: kafin ku shiga gida, ko aji, ko masallaci, ku dakata a bakin ƙofa, ku tattara hankalinku. Ta biyu, idan za ku gaida babba, ko za ku ci abinci da iyali, ku ajiye waya. Ta uku, in ana yi muku magana, ku bari a dasa aya kafin ku fara shirya amsa.

Ɗalibai, iyayenku ba za su dawwama ba. Wanda ya sami damar durƙusawa gabansu gobe da safe, to ya je da zuciyarsa duka.

Allah ya sa mu dace.